Daga Bangon Geji Zuwa Kafar Makulli: Yadda Matatun Mai Suka Koyi Auna Allonsu

Matatar mai wuri ne da ba a ganin abin da ake dafawa. Mai girki takan buɗe murfin tukunya ta leƙa, maƙeri yakan dubi launin ƙarfe a wuta ya san lokacin duka ya yi, marini yakan tsoma hannu a karofi ya ji ko baba ya yi. Shi kuwa wanda ke tace ɗanyen mai, ko yake fasa iskar gas don fitar da sinadarin etilin da ake yin roba da leda da shi, duk abin da yake sarrafawa a kulle yake cikin bututu da tankuna da hasumiyoyin ƙarfe, wani wurin ma da zafin da ya haura digiri 800. Ba ya gani, ba ya taɓawa. Iyakar saninsa shi ne abin da allon ɗakin kula ya nuna masa, in kuwa allon ya ɓoye abu, to ya ɓoyu ke nan har sai ya fito da kansa, galibi da wuta. Shi ya sa tarihin wannan sana'a ba ya rabuwa da tarihin allon. Wanda ya bi wannan tarihi zai tarar da abin mamaki: masana'antar da ke auna zafi da matsi da nauyi daidai wa daida ta shafe kusan shekara ashirin tana yanke hukuncin kyan allonta da ido kawai, har sai da gobara ta riƙa yi mata awon. A ganina ma'auni ɗaya ne ya cancanci a kira shi ma'auni, wato a zaunar da ma'aikacin da zai yi aiki da allon, a jefa shi cikin mummunar sa'a ta gwaji, a ga ko zai gane abin da ke faruwa kafin ƙararrawa ta gaya masa.

A farkon zamanin tace mai babu wani ɗakin kula. Ma'aikaci kan yi ta zagaye ne daga wannan bawul zuwa wancan, yana karanta gejin da ke maƙale a jikin bututu. Zuwa ƙarshen shekarun 1930 aka samu dabarar aika awo daga nesa ta siririn bututu mai ɗauke da matsin iska, sai aka fara tara gejin duka a ɗaki guda. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ɗakin ya zama abin da tsofaffin ma'aikata ke tunawa har yau: dogon bango cike da geji masu allura, da alƙaluman da ke zana layi a kan takarda mai tafiya a hankali, a sama kuma jerin 'yan tagogin fitila, kowace da sunan matsalar da take sanarwa. Wannan bango yana da wata baiwa da babu wanda ya tsara masa ita da gangan. Komai yana da mazauninsa na dindindin, komai kuma a buɗe yake lokaci guda. Ma'aikacin da ya karɓi aiki da asuba yakan bi bangon da kallo daga wannan kusurwa zuwa waccan, cikin minti ɗaya ya san lafiyar matatar, domin ba lambobi yake karantawa ba, tsayuwar allurori yake gani, kamar yadda makiyayi kan gane saniyar da ba ta da lafiya ba tare da ya ƙirga garken ba. Da yawansu har sukan ja layi da fensir a kan gilashin geji don nuna inda allura ta saba tsayawa. Takardar alƙalamin nan kuma tana nuna inda abu ya fito da inda ya dosa, wanda sau da yawa ya fi sanin inda yake a yanzu amfani. Sannan ƙara ƙararrawa ɗaya a bangon aiki ne na kuɗi, sai an ja waya, an huda ƙarfe, an samo gurbin tagar, don haka ba a sa ta sai an yi gardama an tabbatar da buƙatarta.

Kwamfuta ta fara shiga harkar tun 1959 a matatar Texaco da ke Port Arthur a jihar Teksas, amma juyin gaske ya zo a 1975, shekarar da kamfanin Honeywell na Amurka ya fitar da TDC 2000, Yokogawa na Japan kuma ya fitar da CENTUM. Daga nan bango ya fara komawa cikin 'yan akwatunan talabijin. Babu mai musun ribar da aka samu. Sarrafawa ta ƙara daidaito, ma'aikaci ɗaya ya iya riƙe abin da a da sai mutum uku ko huɗu, aka rage waya, aka rage gyara. Abin da aka rasa ne ba a lura da shi da wuri ba. Matatar da a da ake gani gaba ɗaya ta rabu shafi-shafi, ɗaruruwan shafuka, kuma ma'aikaci ba ya ganin sai waɗanda ya kira. A 1984 masanin nan David Woods ya bayyana wannan hali, wanda aka fi sani da leƙe ta kafar makulli: kana ganin abin da ke gabanka sarai, amma ba ka san me ke faruwa a sauran ɗakin ba, kuma kafin ka juya wurin da matsala take sai ka riga ka yi zargin tana can. Allura ta koma lamba, ita kuwa lamba ba ta da baki. In allo ya rubuta 347, sai wanda ya haddace cewa abin ya saba tsayawa tsakanin 330 da 340 ne zai san an fara fita hanya. Ƙararrawa kuma ta zama kyauta, danna maɓalli kawai injiniya zai yi, don haka kowa ya riƙa ƙara tasa don kada a ce shi ne bai yi gargaɗi ba.

To da me aka riƙa auna waɗannan allunan? Da zanen injiniya, da idon manaja, da bukatar mai talla. Injiniyan da aka ba aikin yakan ɗauko zanen bututun matatar ya kwafe shi a kan allo, ya yayyafa lambobi a gefe. In zanen ya dace da abin da ke ƙasa, an ci jarrabawa. Da kwamfuta ta ƙara ƙarfi a shekarun 1990 sai aka shiga ado: baƙin fage, bututu ja da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa, tankuna masu sheƙi kamar a taɓa, fanka tana juyawa, harshen wuta yana rawa a cikin tanderu. Irin wannan allo yana burge baƙon da aka kawo yawon buɗe ido, yana kuma sayar da na'ura a wajen baje koli. Amma in famfon da ke kashe lafiya lau ja ne, bututun wani sinadari ja ne, ƙararrawar haɗari ita ma ja ce, ta yaya jan da ke nufin mutuwa zai bambanta da jan ado? Abin takaicin shi ne maƙwabta sun riga sun sha wannan darasi. A ranar 28 ga Maris 1979, a tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka, wata fitila ta sa ma'aikata suka ɗauka wani bawul ya rufe, alhali abin da take nunawa kawai shi ne an aika masa umarnin rufewa, shi kuwa yana nan a buɗe. Ƙararrawa fiye da ɗari suka tashi cikin mintunan farko. Bayan haka hukumar kula da nukiliya ta Amurka ta tilasta a sake duba tsarin ɗakunan kula na tashoshin ƙasar. Masana'antar mai ba ta da mai tsaya mata a ka irin haka, sai ta ci gaba da harkarta.

Nata darasin ya zo ranar Lahadi 24 ga Yuli 1994, a matatar Texaco da ke Milford Haven a yankin Wales na Birtaniya. Da safe aka yi hadari mai tsawa, aradu ta tayar da gobara a wani sashe, sauran sassan suka rikice. Ba wannan gobarar ce ta yi ɓarnar ba. Kimanin sa'a biyar ma'aikatan sashen fasa mai suka yi suna ƙoƙarin riƙe aikin kada ya tsaya, kuma duk tsawon lokacin allo yana nuna musu wani bawul a buɗe alhali a rufe yake. Suna ta tura mai cikin wata hasumiya da ƙofar fitarta ke toshe. Man ya bi hanyar tsira ya cika tankin da ke gaban hasumiyar ƙona gas, ya shiga bututun da ba a yi shi don ɗaukar ruwa ba, bututun ya tsage, kimanin tan 20 na mai da gas suka fita suka kama. Mutum 26 suka ji rauni, gyaran ya ci kusan fam miliyan 48. Ba a rasa rai ba, kuma kasancewar ranar hutu ce, babu jama'a sosai a wurin, ya taimaka. Rahoton da hukumar kula da lafiya da tsaron ma'aikata ta Birtaniya ta fitar a 1997 ya ƙunshi alƙaluman da suka zama abin ambato a duk inda ake koyar da wannan fanni: a cikin minti 11 na ƙarshe, ma'aikata biyu sun fuskanci ƙararrawa 275. Wato kowace daƙiƙa biyu zuwa uku sabuwa na tashi. Daga cikin ƙararrawa 2,040 da aka tsara a na'urar, kashi 87 cikin ɗari an yi musu lakabin masu muhimmanci ƙwarai, in kuwa kowa sarki ne a gari, ai babu sarki. Ƙararrawar da ke cewa tankin nan ya cika ta yi kusan minti 25 tana nan cikin tarin, ba wanda ya tsamo ta.

Sai dai abin da ya fi jan hankalina a rahoton ba yawan ƙararrawar ba ne. Shi ne cewa babu shafi ko ɗaya da ke nuna sashen gaba ɗaya, balle ya kwatanta abin da ke shiga da abin da ke fita. Wannan lissafi ne da mai sayar da ruwa a kura ya sani: in kana zubawa ba a ɗiba, randa za ta cika. Duk bayanan da ake bukata don gano matsalar suna cikin na'urar, kowane a shafinsa. Da za a auna allon Milford Haven da ma'aunin zamaninsa, da ya ci, domin kowane bututu yana wurin da zane ya ce, kowace lamba tana fitowa. Ma'aunin ne ya kasa tambayar abin da ya kamata a tambaya.

Gyaran ya biyo ta hanya biyu. A 1999 ƙungiyar EEMUA ta Birtaniya ta fitar da jagoranta mai lamba 191, wanda ya sa wa ƙararrawa iyaka da adadi: in aiki na tafiya daidai, kada ta wuce kamar ɗaya a minti goma, in an samu rikici kuma kada ta wuce goma a minti goman farko. A Amurka kuwa, tun 1994 Honeywell ya jagoranci wasu manyan kamfanonin mai suka kafa gamayyar ASM don nazarin yadda ma'aikata ke fama da yanayin da ya kauce wa al'ada. Daga irin wannan aiki ne salon allo mai ruwan toka ya fito, wanda littafin Bill Hollifield da abokansa na 2008 ya yaɗa, ƙa'idar ISA-101 ta 2015 kuma ta tsara yadda za a riƙa gina allo da kula da shi. Fage ruwan toka, bututu ruwan toka, launi mai ƙarfi an keɓe shi ga matsala kaɗai, a haɗa shi da siffa da lamba saboda masu matsalar bambance ja da kore. Shafi ɗaya na sama yana nuna komai a taƙaice, sauran suna bi ƙasa daki-daki. Lamba ta koma kusa da ɗan ma'auni mai nuna iyakar lafiya, layin tarihi kuma ya dawo. Wanda ya san tsohon bango zai yi murmushi, domin allura ce da layin fensir da takardar alƙalami aka dawo da su ta bayan gida.

Amma sabon salo shi ma ado ne kawai in ba a gwada shi ba, kuma a nan ne tarihin ya yi juyin da ya fi muhimmanci. A 2005 aka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi da ma'aikata 21 na masana'antar etilin, tare da kamfanin NOVA Chemicals na Kanada. Aka zaunar da su gaban na'urar kwaikwayo, wasu da allon gargajiya, wasu da sabon salo, aka riƙa jefo musu matsaloli. Masu sabon allo sun hango matsala kafin ƙararrawa ta tashi a kashi 48 cikin ɗari na lokutan, masu tsohon kuwa kashi 10. Sun shawo kan matsalar a kashi 96 cikin ɗari, waɗancan kashi 70, kuma cikin kimanin minti 11 maimakon 18. Akwai kuma dabarar da Mica Endsley ta ƙirƙiro don matuƙa jirgin sama a ƙarshen shekarun 1980, wadda ta dace da wannan aiki ƙwarai: ana tsakiyar gwaji sai a tsayar da komai, a rufe allo, a tambayi mutum me ke faruwa yanzu, me yake nufi, ina kuma abin ya dosa. Amsarsa ita ce makin allon, ba nasa ba.

Mai ja zai ce duk wannan ɗora wa allo laifin mutane ne, kuma yana da hujja a hannunsa, wato fashewar matatar BP ta Texas City a ranar 23 ga Maris 2005, inda mutum 15 suka mutu, 180 suka ji rauni. Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka ta gano an zaftare kasafin kuɗi, an bar tsofaffin kayan aiki, an ajiye ofisoshin wucin gadi kusa da wurin haɗari, wasu ma'aikata kuma sun yi kwana 29 ko fiye a jere suna aikin sa'a 12. Babu allon da zai warkar da wannan, kuma duk wanda ya ce sabon zane zai maye gurbin barci da gyara yaudara yake yi. Na yarda. Amma a duba abin da ke gaban mutumin da ke zaune a ɗakin a wannan rana. Fiye da sa'a uku ana tura mai cikin hasumiya mai tsayin ƙafa 170 ba a fitar da komai. Geji na nuna masa kimanin ƙafa takwas kuma yana raguwa, alhali man ya kai ƙafa 158. Abin da ke shiga da abin da ke fita ba sa kan shafi ɗaya, babu kuma lissafin da ke kwatanta su. Cutar Milford Haven ce sak, bayan shekara goma sha ɗaya. Ba don hutaccen ma'aikaci mai kayan aiki lafiyayyu ake tsara allo ba, don gajiyayye ne a ranar da geji ya yi ƙarya. Masanin nan Alphonse Chapanis ya nuna haka tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da matuƙan jirgin B-17 ke janye ƙafafun jirgi bayan sauka saboda maɓallin ƙafafun da wani maɓalli dabam iri ɗaya ne kuma suna kusa da juna. Ana ta kiran abin kuskuren matuƙi, da aka bambanta siffar maɓallan sai kuskuren ya kau.

Ja na biyu ya fi wuyar amsawa, domin daga bakin ma'aikatan kansu yake fitowa. Da yawa ba sa son allo mai ruwan toka in an fara kawo shi, sukan ce ya mutu, sun fi gane nasu na da. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo, to wane ne masani da zai zo daga waje ya gaya wa wanda ya shekara ashirin a kujerar abin da ya fi masa? Gaskiya ne allon da aka zana ba da ma'aikata ba ba ya zuwa ko'ina, su suka san lambobin da ake dubawa tare da waɗanda ba a waiwaya. Kuma sauya wa mutum allon da ya haddace ba tare da horo ba haɗari ne a karan kansa. Sai dai abin da mutum ya fi so da abin da ya fi yi masa aiki ba kullum suke haɗuwa ba. Tsohon ma'aikaci yana son tsohon allo ne domin ya cike giɓinsa da haddarsa, ya san shafi na nawa zai leƙa in wani abu ya motsa. Wannan hadda za ta bi shi gida ranar da ya yi ritaya, ta bar sabon ɗauka da allon tsirara. Don haka a tambayi ma'aikaci ra'ayinsa wajen zane, amma wajen hukunci a dubi abin da hannunsa ya yi a gwaji.

Shi kansa gwajin ba a sama da suka yake ba. Mutum 21 ba su da yawa, gamayyar ASM da ta goyi bayan binciken tana ƙarƙashin jagorancin Honeywell, kamfanin da ke sayar da irin waɗannan na'urori, kuma wanda ke gaban na'urar kwaikwayo ya san matsala na tafe, ba kamar mai aikin dare da ya yi sa'a tara babu abin da ya motsa ba. Wanda ya ɗauki waɗancan alƙaluman a matsayin alkawarin abin da zai samu a tasa matatar ya wuce gona da iri. Amma maganin gwaji mai rauni shi ne a yi wani a gida, da ma'aikatan gida da matsalolin gida, ba a koma auna allo da ido ba. Takardar ƙa'ida ma ba ta isa ita kaɗai. A ranar 11 ga Disamba 2005, shekara shida bayan fitowar jagoran EEMUA, wani tanki ya yi ambaliya a ma'ajiyar mai ta Buncefield a Ingila ya haddasa babbar fashewa. Gejin tankin ya maƙale, na'urar tsaro ta ƙarshe ba ta yi aiki ba, masu kula kuma allo ɗaya gare su na duba tankuna, shafuka a jibge wani kan wani. Su kuma masu cewa nan gaba kaɗan kwamfuta za ta karɓe aikin duka a huta, Lisanne Bainbridge ta ba su amsa tun 1983: gwargwadon yadda na'ura ke karɓe aikin yau da kullum, gwargwadon yadda abin da ya rage wa mutum ke zama mafi wuya, a lokacin da hannunsa ya fi daɗewa bai taɓa aikin ba.

Wannan tarihi galibinsa na Turai da Amurka ne, amma na'urorin da ya haifar su ake kafawa ko'ina, daga matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 ana tsakiyar sauyin, zuwa ta Damagaram ta 2011 da ta Dangote a Lekki. Injiniyan da za a miƙa wa takardar karɓar sabon ɗakin kula ya sa hannu, ya jinkirta alƙalaminsa tukuna. Ya nemi a kawo masu aikin dare, a zaunar da su gaban na'urar kwaikwayo, a rufe musu bawul ɗaya a asirce allo na cewa a buɗe yake, sannan ya riƙe agogo ya ga minti nawa za su ɗauka kafin su gane.